Kaskon da Ke Kwana a Waje

Duk matar da ta taɓa sayen kayan girki a shagon Dogo ta san huɗubarsa. Yana da wani tsohon kaskon suya da ya rataye a ƙusa daga bakin ƙofa, wanda wata ta bari a shagon ranar da ta sayi sabo. In mai saye ta fara jan ƙafa, tana cewa nata na gida bai mutu ba tukuna, sai Dogo ya miƙa hannu ya sauko da shi, ya ƙwanƙwasa gindinsa da farce, jan gari ya zubo. Ya ce kasko ba ya mutuwa farat ɗaya, sai ya yi sallama. Da farko tsatsa ta hau, a goge ta dawo. Sannan gindi ya fara ramuka kamar fuskar mai zanzana. Daga ƙarshe mariƙi ya fara rawa. In mariƙi ya yi rawa, in ji Dogo, ko maƙiyinki kada ki ba shi ya soya ƙwai.

Mata su yi dariya, su saya.

Yanzu ƙusar nan ba komai a jikinta. Kaskon yana gidan Dogo, a ƙofar ɗakin Kawu.

Kawu ƙanin mahaifiyar Dogo ne, tsohon mai gyaran agogo, ba mata ba ɗa. Tarin fuka ya kwantar da shi, ya sha magani wata da watanni har ya gama. Ranar da aka sallame shi, likita ya faɗa a gaban Dogo da maiɗakinsa cewa ya warke sarai, ba abin da zai shafa wa kowa, a ci da shi a sha da shi. Su biyun suka gyaɗa kai. Da aka iso gida aka share masa ɗakin baya, inda a da ake tara buhunan gawayi da karyayyun kujeru. Aka ware masa kwano da kofi da cokali, maiɗakin ta ɗiga wa kowanne jan fenti a gindi don kada su ɓace cikin na gida. Ta ce na ɗan lokaci ne, saboda yara. Dogo ya ce haka ne, rigakafi ya fi magani.

Da farko daga tukunyar gida ake zuba masa. Sai dai kwanonsa ba ya shiga kicin, don haka shi ke miƙo shi daga bakin ƙofa, ita kuma ta ɗaga ludayi sama yadda ba zai taɓa kwanon ba, ta sako miya daga nesa. Wata rana miyar ta fantsama ta ɓata masa gaban riga. Washegari ya samu Dogo yana ɗaure takalmi, ya ce masa shi fa tun yana saurayi ya saba da girkin hannunsa, gishirin mata yana masa yawa, da za a samo masa ɗan risho da abin suya da kowa ya huta.

Dogo ya san ba gishiri ba ne. Amma faɗuwa ta zo daidai da zama. Risho akwai tsoho a gida. Kasko kuwa, da yamma ta yi yana rufe shago, ya tsaya gaban sababbin da ke jere suna ƙyalli, har ya ɗauki ɗaya. Sai ya tuna duk abin da ya shiga hannun Kawu ba ya komawa cikin gida. Ya mayar. Hannunsa ya tafi kan ƙusa. Ya ce wa ransa tsatsar a sama take, soson ƙarfe zai fitar da ita, kuma ai kafin a ga yadda hali zai yi ne.

Kawu ya karɓa da hannu biyu. Ya juya shi, ya kanga shi da rana ya duba, kamar yadda yake duba cikin agogo.

"Sa'ana ne," ya ce. "Za mu fahimci juna."

Dogo ya yi dariyar da ake jira ya yi, ya shige ciki.

Ɗakin baya ba shi da taga sai wata 'yar kafa kusa da rufi, ba a kunna risho a ciki. Don haka girkin Kawu a waje yake, kan wani bulo a gindin bango, kuma nan kaskon ke kwana, a kife. Kicin ɗin gidan yana da kanta doguwa, rabinta ba komai a kai, amma ba wanda ya kawo maganarta. Duk safiya maiɗakin takan ajiye masa ƙwai ko ɗan kifi, da albasa, da dankali, da mai a 'yar kwalba, a kan dakali, ta ce ga shi nan Kawu, ta juya. Shi kuwa ya ce Allah ya yi albarka, 'yata.

Sai damina ta kankama.

Ruwan da ke zubowa daga rufin kwano a daidai bulon nan yake sauka. Kullum da safe kaskon ya tashi ja kamar an barbaɗa masa garin barkono. Kullum Kawu ya tsuguna da soson ƙarfe yana gurza, ƙarar tana shiga har ɗakin da Dogo ke shan shayi. Ƙara ce siririya mai sa haƙora tsami. Dogo ya koyi ƙara murya ga rediyo a daidai lokacin.

Wata safiya ya leƙa don gaisuwa, ya tarar da shi yana cin ƙwai. Ƙwan ya yi ruwan ƙasa, da baƙaƙen ɗigo-ɗigo a jikinsa, Kawu yana tsince su da bakin cokali yana jerawa a gefen kwano. Yatsunsa, waɗanda a da ke ɗaukar ƙusar agogo da ido ke wuyar gani, duk sun yi kaushi, soso ya yanka su nan da can. Da ya ga inda idon Dogo ya tsaya, sai ya ce kada ya damu, ai likita ya ce jininsa ya yi ƙasa, yana bukatar ƙarfe, ga shi Allah ya kawo masa har gida ba ko sisi.

A ranar nan Dogo bai iya huɗuba a shago ba. Da yamma ya naɗe sabon kasko a takarda, mai kauri, mai baƙin mariƙi, ya taho da shi. Maiɗakinsa ce ta karɓe shi a ƙofa. Ta buɗe, ta shafa cikinsa da tafin hannu, ta tambaya na wa. Da ya faɗa mata, sai ta ce ita ba ta hana ba, amma shi da ya san kaya, ya faɗa mata tsakani da Allah, wannan in ya kwana a waje cikin ruwan nan, sati nawa zai yi? Dogo ya ce ba zai daɗe ba. Ta ce to, asara ke nan. Ta ce a bar mata wannan, ita ta ba Kawu nata na da, tunda yana da sauran kyau.

Shawarar ta yi kama da hankali. Sabon kasko ya hau kanta. Na da ɗin kuwa, da aka zo bayarwa sai ta tuna shi take soya kifi da shi don kada ƙarni ya kama sabon. Ta ce bari a ga ƙarshen damina. Dogo ya buɗe baki, ya ga gardamar za ta kai su ga tambayar da ba ya so, wato me ya sa kaskon Kawu ke kwana a waje tun farko. Ya rufe.

Haka maganar ta zama zobe, ba ta da bakin shiga. Ba a ba shi sabo don a waje zai kwana. A waje zai kwana don ba ya shiga kicin. Ba ya shiga kicin saboda tarin da likita ya ce babu shi.

Yayar Dogo takan kira a waya ta tambayi jikin Kawu. Da Dogo ya ɗan taɓo mata maganar, ta ce ita da tana da wuri da tuni ta ɗauke shi, amma ya san halin mijinta. Ta ce su dai su yi haƙuri, lada suke kwasa, ba kowa ne ke riƙe tsoho a wannan zamani ba. Maƙwabta ma haka suke cewa. In Dogo ya fito da safe, mai wankin da ke kallon gidansu yakan ɗaga masa hannu ya ce ɗan halak, mai riƙon zumunci. Dogo ya amsa, yana jin kalmar tana masa nauyi a wuya kamar rigar aro.

Babbar hujjarsu kuwa ita ce Kawu bai taɓa kuka ba. Maiɗakin takan ce da abin ya dame shi ai da ya faɗa. Dogo ya yarda, ko da yake tun yana yaro ya san Kawu mutum ne da in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri.

Girkin ya fara raguwa. Daga safe da yamma ya koma sau ɗaya. Dankali ya riƙa tsiro a kan dakali. Maiɗakin ta ga ana barin kaya, sai ta rage abin da take ajiyewa, ta ce tsofaffi ba su da ci, kada a yi almubazzaranci. Wuyan rigar Kawu ya yi masa faɗi. Autar gidan, wadda yake kira matarsa, aka hana ta zagayawa baya, sai dai ta tsaya daga lungu ta ce mijina me ka dafa mini. Shi kuma ya ce amarya yau miji ya gaza, sai gobe. Daga baya ko wannan aka daina ji, don yawanci yana kwance.

Abu ɗaya tak ya taɓa roƙa. Wata yamma Dogo ya dawo, ya same shi zaune a kan bulo, kaskon a cinyarsa.

"Ɗan nan, ko kana da 'yar waya a shago? Siririya, kamar kamu ɗaya."

"Ta mece ce, Kawu?"

"Abokina ne ya fara rawa. Tsufa."

Ya kama mariƙin ya girgiza shi kaɗan. Ƙusoshi biyun da ke riƙe da shi tsatsa ta cinye wuyansu, suna lilo cikin raminsu. Dogo ya tsaya yana kallo. Maganar da ya faɗa wa mata sau ba adadi ta zo masa har kan harshe. Ya yi niyya a ransa gobe-goben nan zai kawo wani, ko ƙarami ne, ya miƙa masa hannu da hannu ba tare da ya bi ta ƙofar gaba ba. Washegari kaya suka iso daga wajen dilan da yake sara a hannunsa, aka wuni ana saukewa. Da zai rufe shago ya tuna. Sababbin suna cikin kwali, an riga an jera wasu kwalaye a kai. Waya kuwa tana nan cikin aljihun tebur.

Wayar ya kai.

Kawu ya naɗe mariƙin da ita, naɗi mai kyau, zagaye kusa da zagaye, aikin mai gyaran agogo. Har Dogo ya yaba. Da ya ga ya yi ƙarfi sai zuciyarsa ta ɗan kwanta, ya ce ai zai kai ƙarshen damina.

Bai kai ba. Wata rana da hantsi, Dogo yana shago, maiɗakin tana ɗinki a falo, ta ji ƙarar ƙarfe ya faɗi a baya. Ta saurara, ba ta ji kira ba, ta ci gaba da ɗinkinta. Kawu ya ɗaga kaskon ne daga wuta da mai yana tafasa a ciki, gefen da ƙusoshin ke ciki ya ɓalle gaba ɗaya, waya da mariƙi suka rage a hannunsa, sauran ya kife a ƙafarsa ta dama.

Bai gaya wa kowa ba. Ya zuba ruwa, ya yaga tsohuwar riga ya ɗaure, ya ja jiki ya shiga ɗaki. In an gaishe shi daga waje ya amsa daga ciki, ya ce sanyi ne ya ɗan taɓa shi. Kayan da ake ajiyewa a dakali suka taru ba a taɓa ba, maiɗakin ta kwashe ƙwan don kada ya lalace. Dogo ya ga kaskon a kife ba mariƙi, ya ga tabon mai a ƙasa, ya ce wa ransa to yanzu kam dole a kawo sabo, ya wuce, don ya makara.

Ƙudaje ne suka tona. Ranar da ba a buɗe kasuwa, Dogo ya zagaya baya ya ga sun yi baƙi a labulen ƙofar. Ya ɗaga labulen. Warin ya tare shi kafin idonsa ya saba da duhun ɗakin. A lokacin ne ya lura tun ranar da aka share ɗakin bai taɓa tsallake dokin ƙofar ba.

A asibiti, ma'aikaciyar jinyar da ta kwance tsumman ba ta ce uffan ba har ta gama. Mace ce mai shekaru, ba ta da hanzarin magana. Dogo, don ya cike shirun, ya shiga bayani. Ya ce kasko ne mai tsatsa, tun tuni ake son a canza, ko tsatsar da ya riƙa ci ce ta ramar da shi haka? Ta ce ɗan tsatsar da ke bin abinci ba ta kai mutum nan. Ta kama hannun Kawu ta ɗaga, ta nuna wa Dogo yadda fata ke lilo a jikin ƙashi. Ta ce wannan yunwa ce, kuma jikin da ba ya samun abinci ba ya rufe ciwo. Sannan ta dube shi.

"Wa ke dafa masa?"

Kawu ne ya amsa daga kan gado, muryarsa can ƙasa.

"Ni ne, 'yata. Taurin kai gare ni. Sun yi sun yi in ci nasu na ƙi. Yaron nan har sabon kasko ya saya mini."

Ta dubi Kawu, ta dubi Dogo, ta ci gaba da naɗe bandeji. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Yatsu biyu aka cire daga ƙafar. Aka ce zai taka, amma da sanda, kuma tsuguno ya ƙare masa.

Kafin a sallamo shi Dogo ya sa aka fasa taga a ɗakin baya, aka yi fenti. Ya kawo kasko mafi tsada a shagon ya jingina a bango, da takardarsa. Maiɗakin ta yi kuka sosai, ta ce ita wallahi da ta ji ƙarar nan ta ɗauka mage ce. Ta ce duk saboda yara ta yi. Dogo bai zarge ta ba, don ya san in aka fara rabon laifi, ita fenti ta ɗiga, shi kuwa ya san ciwon kasko kamar yadda likita ya san na mutum, kuma ya kai waya.

Kawu ya ga sabon kaskon, ya yaba kaurinsa, ya ce a rataye masa shi inda zai riƙa gani. Ba zai taɓa ɗora shi a wuta ba, kowa ya sani.

Ranar da ya dawo, da azahar, Dogo ya shiga kicin da kansa. Ya ɗauko babban farantin da yake ci a ciki, wanda ba jan fenti a gindinsa, ya ce a zuba shinkafa da kifi na mutum biyu. Maiɗakin ta zuba, ludayi yana taɓa faranti. Ya ɗauka ya zagaya baya, ya yi sallama, ya shiga, ya zauna a tabarma gaban gadon. Ya ajiye farantin a tsakaninsu ya wanke hannu.

Kawu ya dubi farantin, ya juya shi kaɗan yana neman jan ɗigon. Sai ya laluba ƙarƙashin gado ya jawo kwanonsa, ya miƙo shi da hannu biyu, nesa da farantin, yadda ya saba miƙawa a ƙofar kicin.

"Zuba mini nan."

"Tare za mu ci, Kawu."

"A'a, ɗan nan. Kai fa kana da yara."

Ba gatse a muryarsa. Da gaske yake. Abin da likita ya ce babu, su sun yi ta nanata masa shi da fenti da ludayi da labule har ya yarda akwai. Dogo ya ce masa ya warke, tun tuni ya warke, a gabansu aka faɗa. Kawu ya ce ya sani, amma dai rigakafi ya fi magani.

Dogo ya ji maganarsa ta dawo masa daga bakin da bai taɓa zato ba. Ya sunkuyar da kai. A gidaje da yawa akwai irin ɗakin nan na baya, da mutumin da ake gaisarwa daga waje, kuma mutanen gidan ba mugaye ba ne, kowannensu yana da dalili, maƙwabta ma suna sa musu albarka. Shi da ya yi shekaru yana koya wa mutane alamomin mutuwar kasko, akwai ɗaya da ya sani bai taɓa faɗa ba, don ba ta sayar da kaya: kaskon da ake girka wa jama'a da shi kullum, a shafe shi da mai a mayar cikin 'yan'uwansa, ba ya tsatsa. Wanda aka ware ne ke yi.

Kwanon yana nan a miƙe, hannun da ke riƙe da shi ya fara rawa.

Dogo ya karɓa. Ya juye abincin farantin duka a cikin kwanon mai jan fenti, ya ajiye shi a tsakaninsu, ya sa hannu ya kai loma baki. Kawu ya yi ta kallonsa yana taunawa. Shinkafar ta yi sanyi kafin tsohon ya matso da hannunsa, kuma ko da ya fara ci, daga can gefe yake ɗiba, yana barin fili tsakanin inda yatsunsa suka taɓa da inda na Dogo za su taɓa.